Congress.gov da kundin muhawarar majalisar Amurka: abin da mai binciken Sanata George McGovern zai samu daga Kaduna

Ɗalibin tarihi ko na kimiyyar siyasa a Jami'ar Jihar Kaduna, da mai digiri na biyu a makarantar horar da sojoji ta NDA, da hafsan da ke rubuta takarda a Jaji kan yadda majalisa ke sa wa shugaban ƙasa linzami a lokacin yaƙi, duk wanda aikinsa ya biyo ta kan yaƙin Biyetnam sai ya ci karo da sunan George McGovern. Abin da aka saba gani a furojet ɗin ɗalibai shi ne a kwaso taƙaitaccen tarihinsa daga wani shafi, a ce sanata ne da ya ƙi yaƙi, a wuce. Alhali kuwa maganar da ya yi da bakinsa a zauren majalisa da ƙuri'ar da ya kaɗa suna nan ajiye, kowa na iya saukewa a wayarsa kyauta. Shafin da ke ba da wannan hidima shi ne Congress.gov, wanda Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ke gudanarwa, sai ɗan'uwansa govinfo.gov na hukumar ɗab'i ta gwamnatin ƙasar. Babu rajista, babu kuɗin shiga, ba a tambayar ka katin banki.

Hukuncinmu a kan shafin a taƙaice: ga wanda ya zo da kwanan wata a hannu, babu kamarsa. Wanda kuwa ya zo da suna kawai yana sa ran shafin ya ba shi labari, zai ƙone data ya tashi hannu wofi.

Abin da ke ciki shi ne kundin da ake kira Congressional Record, wanda ake bugawa tun 1873, yana ɗauke da muhawarar Majalisar Dattawa da ta Wakilai kwana bi da kwana. Iri biyu ne. Akwai na kullum, wanda ke fitowa washegarin zama, lambobin shafinsa na farawa da harafi: S na Dattawa, H na Wakilai, E na ƙarin bayanan da 'yan majalisa suka miƙa a rubuce, D na taƙaitaccen rahoton ranar. Akwai kuma na dindindin da ake ɗaurewa daga baya, wanda lambobinsa ke tafiya a jere daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba tare da harafi ba. Daga 1995 zuwa yau rubutun na kwamfuta ne tsaf, bincike na kama kowace kalma. Na kafin nan hoton takarda ne aka ɗauka aka mayar fayil ɗin PDF. McGovern ya yi Majalisar Wakilai daga 1957 zuwa 1961, ya yi Dattawa daga 1963 zuwa 1981, ke nan duk zamaninsa yana ɓangaren hoton takarda, kuma daga nan yawancin wahalar take tasowa.

Kuskuren farko yana faruwa ne a akwatin bincike na saman shafi. In ka rubuta McGovern ka danna, abin da zai cika maka fuska shi ne Jim McGovern, ɗan Majalisar Wakilai daga Massachusetts tun 1997. Ba dangin juna ba ne, ko da yake Jim ya taɓa aiki a ofishin George yana matashi. Dalili shi ne akwatin yana buɗewa a kan majalisar da ke ci yanzu, kuma a kan ƙudurorin doka, ba muhawara ba. Sai ka canza abu biyu da hannunka: ka zaɓi kundin muhawara a matsayin inda za a duba, ka kuma zaɓi lambar majalisa. Amurkawa ba da shekara suke ƙirga majalisarsu ba, da lamba suke yi, kowace na ɗaukar shekara 2. Ta 88 ita ce 1963 da 1964, ta 91 ita ce 1969 da 1970, zaman McGovern a Dattawa ya kama daga ta 88 zuwa ta 96. Lambar juzu'i kuma tana da lissafi mai sauƙi ga duk shekarun da suka biyo bayan 1941: ka cire 1854 daga shekarar. Ta haka 1963 juzu'i na 109 ne, 1964 na 110, 1970 na 116. Shafin bai bayyana wannan a inda baƙo zai gani ba, kuma wannan gazawa ce tasa.

Akwai shafin kansa na McGovern a Congress.gov, mai jerin ƙudurorin da ya gabatar, amma jerin daga 1973 yake farawa. Babban aikin da aka san shi da shi na 1970 ba ya ciki. Haka nan jadawalin ƙuri'un sanatoci da ke senate.gov daga 1989 ya soma. Wanda ke neman yadda aka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi ranar 11 ga Oktoba 2002, wadda ta tashi 77 da 23, zai samu sunaye a jere cikin minti ɗaya. Wanda ke neman ta 1964 ko 1970 dole ya buɗe kundin ranar ya gangara har inda magatakarda ya kira sunaye.

Wannan gangarawar tana da lada. Buɗe kundin Dattawa na 6 da 7 ga Agusta 1964. A ranakun ne aka yi muhawara kan ƙudurin Tekun Tonkin, wanda ya ba Shugaba Lyndon Johnson izinin amfani da ƙarfin soja a kudu maso gabashin Asiya ba tare da an ayyana yaƙi ba, bayan rahoton cewa jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun kai wa na Amurka hari ranar 2 da 4 ga wata. Harin na biyu, binciken hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka da aka saki a 2005 ya nuna bai faru ba. Majalisar Wakilai ta amince 416 babu ko ɗaya da ya ƙi. Dattawa ta amince 88 da 2. Mutum biyun da suka ƙi su ne Wayne Morse na Oregon da Ernest Gruening na Alaska. Sunan McGovern yana cikin masu amincewa. Shi da tun Satumban 1963 ya tashi a zauren nan ya soki zurfafa shigar Amurka Biyetnam, ya bi bayan Sanata J. William Fulbright, shugaban kwamitin harkokin waje, wanda ya jagoranci ƙudurin yana kwantar wa abokansa hankali cewa ba buɗe ƙofar babban yaƙi ake yi ba. McGovern ya yi ta nadamar wannan ƙuri'a daga baya, Fulbright ma haka. Ɗalibin da ya rubuta cewa McGovern bai taɓa goyon bayan yaƙin ba ya rubuta abin da kundin ke ƙaryatawa, kuma malamin da ya san aikinsa zai kama shi. Amfanin wannan hidima ke nan na haƙiƙa: tana nuna mutumin kamar yadda yake a ranar, kafin masu yabo da masu zagi su gyara shi.

A cikin waɗancan shafukan ya kamata mai karatu ya tsaya a kan jawabin Morse. Lauya ne, tsohon shugaban tsangayar shari'a a Jami'ar Oregon, kuma hujjarsa ta tsarin mulki ce zalla: ikon ayyana yaƙi na majalisa ne, ba ta da hurumin miƙa wa shugaban ƙasa shi tun kafin a san me zai yi da shi. Duk mai rubutu kan sashe na 5 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ɗaure shugaban ƙasa da amincewar majalisa kafin ayyana yaƙi ko tura soja fagen fama a waje, zai samu abin kwatance a nan fiye da yadda littafin darasi zai ba shi. Morse ya rasa kujerarsa a zaɓen 1968, Gruening ma ya faɗi a zaɓen fid da gwani na shekarar.

Rana ta biyu da ta cancanci kuɗin data ita ce 1 ga Satumba 1970, juzu'i na 116. A nan a yi hattara da yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata: wata suke farawa da shi, don haka 9/1/1970 na nufin 1 ga Satumba, ba 9 ga Janairu ba. Mutane da yawa kan sauke fayil ɗin Janairu su yi ta laluben abin da babu. A ranar ne aka kaɗa ƙuri'a kan gyaran da McGovern na Dimokurat da Mark Hatfield na Rifablikan suka kawo a kan dokar sayen kayan soja, wanda zai datse kuɗin yaƙin ya tilasta janye sojojin Amurka zuwa ƙarshen 1971. Dabarar ita ce in majalisa ba ta iya hana shugaban ƙasa yaƙi da baki ba, ta hana shi ta aljihu, tunda ita ke riƙe da lalitar gwamnati. Gab da ƙuri'a McGovern ya tashi ya yi jawabin da aka fi tuna shi da shi. Ya ce kowane sanata a zauren yana da hannu a tura matasan Amurka 50,000 kabari tun da ƙuruciyarsu, ya ce zauren ƙarnin jini yake, ya ambaci samarin da ke kwance a asibitocin soja babu ƙafa, babu hannu, babu fuska. Gyaran ya faɗi 39 da 55. An sake gwadawa a Yunin 1971 ya sake faɗuwa. Jawabin gajere ne, bai cika shafi ba, kuma karanta shi a mazauninsa, tsakanin dogayen bayanan lissafin kuɗi da gaisuwar ban girma da sanatoci ke yi wa juna, shi ke sa mutum ya gane dalilin da ya sa ya ƙona wa abokan aikinsa rai.

Ga yadda ake isa wurin ba tare da ɓata lokaci ba. A Congress.gov ka shiga sashen Congressional Record, ka yi amfani da wurin neman fitowa ta kwanan wata, ka sa ranar, ka zaɓi ɓangaren Dattawa kaɗai. Kada ka sauke na Wakilai da na ƙarin bayanai in ba ka buƙata. Zaman Dattawa na rana ɗaya a lokacin zazzafar muhawara kan haura shafi 100, kowane shafi layi uku ne a tsaye da ƙananan haruffa, kuma da yake hoto ne fayil ɗin na da nauyi. In ka buɗe shi a cikin burauza ta waya, duk lokacin da sabis ya yanke ko wayar ta kulle sai ya soma lodi daga farko. Sauke shi ɗungurungum a ajiye, da dare in layi ya sarara ko a inda akwai wayifai, sannan a buɗe da manhajar karanta PDF. A sa masa suna nan take da kwanan wata da juzu'i, domin sunan da yake zuwa da shi jerin haruffa da lambobi ne da ba za ka gane ba bayan mako guda. A waya mai ƙaramar fuska karatun azaba ne, sai ka yi ta ja da matsawa. Kwamfutar cinya ta fi, in kuma za a buga a shagon kwamfuta, a gaya wa mai shagon lambobin shafin da ake so kaɗai, a kuma lura cewa lambar shafi ta fayil daban take da wadda ke buge a saman takarda. In tawada ta yi rauni ƙananan haruffan ba sa fita, gara a buga shafi ɗaya na gwaji tukuna.

Binciken kalma a cikin fayil yana aiki, amma kada a dogara da shi. Na'ura ce ta karanta hoton ta mayar rubutu, kuma tsohuwar takarda mai layi uku tana ruɗa ta: takan haɗe layin hagu da na tsakiya, takan karanta harafi ba daidai ba, takan raba suna biyu a ƙarshen layi. Sunan mai magana ana buga shi da manyan haruffa bayan Mr., don haka neman GOVERN kaɗai ya fi kama wurare fiye da cikakken sunan, ko da yake zai jawo kalmar gwamnati ta Turanci da yawa. Wanda ya kwafi jawabi daga fayil ya liƙa a aikinsa ba tare da ya gwada da hoton ba zai shigar da kurakuran na'ura a bakin sanata. Hanyar da ta fi tabbas tsohuwa ce: kowane juzu'i yana da kashi na ƙarshe na fihirisa, inda aka jera sunan kowane ɗan majalisa da batutuwan da ya yi magana a kai da lambobin shafi, tare da tarihin kowane ƙuduri. Wannan ya fi sauƙin samu a govinfo.gov, inda aka jera juzu'i kashi-kashi. Fayil ne babba, amma sau ɗaya ake sauke shi ya yi wa mutum aikin shekara guda cur.

Wata matsalar ita ce lambar shafi da ba ta dace ba. Marubuci ya ce jawabi na shafi kaza mai harafin S a gaba, ka duba ka ga wani abu daban. Shi na kullum ya yi amfani da shi, kai kuwa na dindindin ne a gabanka. Maganin shi ne a bi kwanan wata, a manta da lambar. A naka aikin kuma ka rubuta juzu'i da shafi da cikakken kwanan wata, yadda mai duba aikin zai iya bin sawunka.

Sai babban abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya ɗauki kundin a matsayin rikodin murya: ba kowace kalma da ke ciki aka furta a zaure ba. 'Yan majalisa na da damar gyara kalamansu kafin a buga, suna kuma neman izini a shigar da sharhin jarida, wasiƙun jama'a da rahotanni. Morse ya shahara da cika shafuka da wasiƙun masu goyon bayansa kan Biyetnam. Irin waɗannan ana buga su da haruffa ƙanana fiye da na jawabi, bayan jimlar neman izinin. Sai a 1978 aka fara sa ɗigo baƙi a gaban bayanin da ba a karanta a zaure ba, saboda haka a shekarun Biyetnam babu wannan alama, sai mai karatu ya lura da kansa ko akwai wanda ya katse mai magana ko ya amsa masa. An sha ganin aikin da ya jingina wa McGovern maganar editan wata jarida don kawai shi ya nemi a shigar da ita.

Abin da hidimar ba ta bayarwa shi ne rayuwar mutumin. Akwai kundin tarihin 'yan majalisa a bioguide.congress.gov, amma sakin layi ɗaya ne busasshe: an haife shi a Avon, Dakota ta Kudu, 19 ga Yuli 1922, ya rasu 21 ga Oktoba 2012, da jerin muƙamai. Ba zai sa ka ji nauyin cewa ɗan limamin coci ne da ya tashi a Mitchell lokacin fari da karayar tattalin arziki ba, ko cewa ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin B-24 sau 35 daga Italiya a Yaƙin Duniya na Biyu har ya samu lambar yabo. Wannan na da muhimmanci ga fahimtar ra'ayinsa, domin McGovern bai ce duk yaƙi haramun ne ba. Ya tsaya a kan cewa yaƙi da Hitila wajibi ne, kuma a 1978 shi ne ya tayar da maganar ko ƙasashen duniya za su tura runduna su kawar da gwamnatin Pol Pot a Kambodiya saboda kisan ƙare dangi. Abin da ya ƙi shi ne yaƙin da ya ga an gina kan kuskuren fahimta, inda ake kallon gwagwarmayar 'yan ƙasa a matsayin makircin kwaminisanci na duniya, ana kuma tallafar gwamnatin Biyetnam ta Kudu da ke Saigon, wadda jama'arta ba sa so. Da wannan ma'aunin ya soki mamayar Iraƙi ta 2003 yana tsoho. Takararsa ta shugaban ƙasa a 1972, inda Richard Nixon ya kayar da shi da ƙuri'un wakilan zaɓe 520 da 17, bai ci ko'ina ba sai Massachusetts da birnin Washington, ita ma ba a zauren majalisa aka yi ta ba, don haka sai dai a nemi jaridu da littattafan tarihi. Zaman kwamitoci ma ba a cikin wannan kundin yake ba. Sauraron bahasin da kwamitin Fulbright ya yi kan Biyetnam a 1966 bugu ne daban, haka yawancin aikin kwamitin abinci da buƙatun jama'a da McGovern ya shugabanta daga 1968 zuwa 1977.

Wannan ɓangaren na yunwa ya cancanci ɗalibi ya bi shi ta fihirisa, domin rabin siyasar mutumin ke nan kuma ba a cika rubuta shi ba. Shi Shugaba Kennedy ya naɗa a 1961 ya jagoranci shirin Amurka na ba da abinci ga ƙasashe mabuƙata, yana da hannu a kafa Hukumar Abinci ta Duniya, ya yi aiki da Bob Dole na Rifablikan kan faɗaɗa tallafin abinci ga talakawan Amurka, kuma shirin ciyar da 'yan makaranta a ƙasashe matalauta da aka kafa a 2002 sunan su biyun yake ɗauke da shi. A jawabansa na kasafin soja za ka ga yana maimaita hujja ɗaya, cewa kuɗin da ake zubawa a makamai daga bakin mayunwata ake cire shi. Mai nazarin shirin ciyar da ɗaliban firamare a jihohinmu zai samu muhawarar da ta shafe shi kai tsaye.

Da yake juzu'i na 113 zuwa 116 sun kama shekarun 1967 zuwa 1970, fihirisar da ka sauke don McGovern ita ce kuma ke ɗauke da abin da sanatocin Amurka suka faɗa kan yaƙin basasar Najeriya. Duba ƙarƙashin Nigeria da Biafra, duka biyun, domin masu fihirisar sun yi amfani da kowanne. Edward Kennedy ya yi magana kan agaji ga mayunwata, Charles Goodell na New York ya jagoranci tawaga zuwa yankin a Fabrairun 1969. Mai bincike da ke zuwa Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a nan Kaduna don ganin takardun ɓangarenmu zai iya ajiye su gefe da gefe da waɗannan, ya ga abin da ake faɗa a Washington a makon da ake rubuta wasiƙa a Kaduna ko Legas. Sai dai a karanta su da sanin cewa yawancin abin da aka shigar a kundin kan wannan yaƙi ya fito ne daga ƙungiyoyin agaji da jaridun da suka karkata ɓangare ɗaya, kuma ƙa'idar nan ta bambance jawabi da abin da aka shigar ta fi zama dole a nan.

Turancin kundin na majalisa ne, cike da kalmomin ƙa'idar zama da ban girma, kuma babu fassara ko sharhi ko kaɗan. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya fara karanta labarin ranar a wani littafin tarihi, ya san wa ke goyon baya wa ke adawa, sannan ya shigo. A jerin ƙuri'a kuma a karanta bayanin da ke gaban sunaye, inda ake sanar da waɗanda ba su halarta ba da yadda da za su kaɗa in suna nan, domin 88 da 2 ba su cika 100 ba, 39 da 55 ma haka, kuma sunayen sauran suna ƙasan jerin.